Kasuwar Hatsi a Najeriya: Me Ke Ɗaga Farashi, Me Ke Karya Shi?

Me ya sa hatsi ke araha da kaka, ya yi tsada da damina?

Da an yi girbi, ƙaramin manomi bashi na jiran sa: na taki, na 'yan ƙwadago, ga kuɗin makaranta, ga bukukuwa. Sai kowa ya fito da amfaninsa lokaci guda, kasuwanni irin su Dawanau a Kano, da Dandume, da Giwa, da Saminaka su cika maƙil, farashi ya faɗi. Masu jari su saya su zuba a sito. Kafin Yuli da Agusta rumbuna sun yi ƙasa, sai ka ga wanda ya sayar da buhu da arha ya dawo yana awon tiya da tsada. Wannan ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a harkar nan, domin mai wahalar noman shi ne ke asara sau biyu.

To me ya jawo tashin gwauron zabin da aka gani a 2023 da 2024?

Abubuwa ne suka taru. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin dakon kaya ya yi sama. A watan Yuni aka saki naira ta nemo wa kanta daraja, ta faɗi warwas. Da ma taki ya yi tsada tun ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022. Ga 'yan bindiga sun raba manoma da gonakinsu a sassan Zamfara, Katsina, Kaduna da Neja. Faɗuwar naira kuma ta sa hatsinmu ya zama araha ga mai riƙe da sefa, sai masu saye daga maƙwabta suka ƙara yawa. Zuwa tsakiyar 2024, alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100.

Ba masu ɓoye hatsi ba ne sila?

Akwai masu yi don mugunta, ba musu. Amma ajiya ita kanta ba laifi ba ce. In babu wanda ya adana da kaka, me za a ci da damina? Matsalar ita ce masu hali kaɗai ke iya ajiyar, talakan manomi ba shi da jarin da zai jira.

Ya aka yi farashi ya sauko daga baya?

A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150. Kayan waje suka shigo, naira ta ɗan daidaita, aka kuma samu amfanin gona mai kyau. A 2025 masara da shinkafa suka sauko sosai, magidanta suka sami sa'ida.

Ashe ke nan an huta?

Mai saye ya huta, manomi bai huta ba. A 2025 hatsi ya sauko amma taki da maganin feshi ba su sauko ba, har ta kai manomi ya sayar da fiye da buhun masara guda kafin ya sayi buhun taki. Masara da shinkafa kuwa ba sa yi sai da taki. Wanda ya ƙone a bana zai rage gona baɗi, ko ya koma gero da dawa da waken suya, masu ƙarancin cin taki. In masu yin haka suka yi yawa, masara za ta yi ƙaranci, kuma masu kiwon kaji ne za su fara ji a jikinsu, tunda ita ce jigon abincin kajin.

Alkama fa?

Ita labarinta daban. Mafi yawan wadda ake niƙawa fulawa daga waje ake shigo da ita, duk da noman rani da ake yi a Jigawa da Kano. Shi ya sa farashin burodi da taliya ke bin dala fiye da yadda yake bin damina.