Maganganun Turanci masu tsuntsaye: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita min

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da Turanci a lesin ɗin yamma, yawanci masu shirin WAEC da JAMB, kuma duk shekara tambayoyin nan ne dai suke dawowa, wani ya tare ni a ƙofar masallaci, wata ta turo saƙo ƙarfe sha ɗayan dare. Wallahi na gaji da maimaitawa. Ga su nan na haɗa wuri ɗaya, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Malam me ake nufi da "kill two birds with one stone"?

Jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Kullum kuna faɗa da bakinku, to mene ne na tambaya?

"The early bird catches the worm" fa?

Da sanyin safiya ake kama fara.

"Birds of a feather flock together"?

Sai hali ya zo ɗaya ake abota. Amma ku kula, yawanci ba yabo ba ne, in aka faɗa maka ita a kan abokanka to ana nufin kai ma irinsu ne.

Wai me ya sa Bature yake yabon mujiya?

Yauwa, wannan ita ce tambayar da nake so ku riƙa yi, don a nan ne ake faɗuwa. A wajenmu mujiya abin ƙi ce, in mutum ya ce an mayar da shi mujiya a gida to kowa ya tsane shi, ba mai son ganinsa. Su kuma tun zamanin Girkawan dā mujiya ce tsuntsuwar Atina, wadda suka ɗauka allahiyar hikima, har a jikin kuɗin birnin Atina akwai hoton mujiya. Shi ya sa "wise old owl" yabo ne, dattijo mai hangen nesa. "Night owl" kuma mai raba dare ne kawai, irin ku masu danna waya har asuba, ba zagi ba ne ba yabo ba ne. Akwai yarinyar da ta zo min ido jajur saboda wata malamarsu ta onlayin ta rubuta mata haka ganin tana tura aiki ƙarfe biyun dare, ta ɗauka an kira ta mujiya. Na zaunar da ita na ce 'yata share hawayenki, cewa ta yi ba kya barci da wuri, iyakarta ke nan. Kar ku ɗauki halin da Bahaushe ya ba tsuntsu ku liƙa wa maganar Bature, ba tare suka yi kiwon ba.

Da gaske jimina tana binne kanta a rairayi?

A'a. A ƙasa take yin ƙwai, takan sunkuyar da kai tana juya su, daga nesa sai ka ga kamar kan ya shige ƙasa. Amma "bury your head in the sand" ta riga ta zauna, ana nufin wanda ya ga matsala ƙiri-ƙiri ya kau da kai.

Ina fassara labarai daga Turanci. In na ci karo da irin waɗannan, in fassara kalma-kalma ne ko in nemo karin maganar Hausa in saka?

Toh. Wannan ba ta da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ba ka amsa ɗaya ka yi hattara da shi. Ni dai ga yadda nake yi, ban ce dole kowa ya bi ba.

Kalma-kalma dai kusan kullum ɓarna ce. Wani ɗalibina ya kawo min fassarar labarin siyasar Amurka, a ciki ya rubuta "shugaban ƙasa gurguwar agwagwa", ya ja layi a ƙasa da jan biro yana jin ya yi gwaninta. Na ce ɗana karanta wa mahaifinka wannan ka ga ko zai gane. "Lame duck" ce ya fassara haka, ita kuwa shugaba ne da wa'adinsa ya kusa ƙarewa, an riga an zaɓi magajinsa, ba wanda yake tsoronsa kuma. A Amurka ana zaɓe farkon Nuwamba amma sai 20 ga Janairu ake rantsar da sabo, to tsakanin nan shi ne lokacin. Da can ma har 4 ga Maris ake kaiwa, sai gyaran kundin tsarin mulki na 20 a 1933 ya rage. Asalin maganar kuma daga kasuwar hannun jari ta Landan ne, ɗan kasuwar da ya kasa biyan bashinsa. In ni ne zan ce "shugaba mai barin gado" kawai, agwagwar ta tafi abinta, ba wanda ya yi asara.

Wani lokacin kuma karin maganarmu tana zama daram. "The chickens have come home to roost" kusan ita ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Amma ko nan sai ka duba wa ya faɗa. Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙar fatar Amurka, ya yi amfani da ita a 1963 a kan kisan Shugaba Kennedy na Amurka, har ƙungiyarsa ta Nation of Islam ta hana shi magana a bainar jama'a kwana 90. In labarin nan kake fassarawa, ni a ganina ka bar kajin nan yadda ya faɗa sannan ka yi bayani da jimla ɗaya, saboda kalmomin ne suka jawo rigimar, in ka sa masa karin maganar Hausa a baki ka canza tarihi.

Inda na fi jin tsoro shi ne wadda ta yi kama amma ba ita ba ce. Ɗauki "canary in a coal mine". Masu haƙar kwal a Birtaniya suna shiga rami da kanari a keji, saboda iskar guba marar wari tana kayar da tsuntsun kafin mutum, da sun ga ya faɗi sai su fita a guje. Wani masani John Scott Haldane ne ya kawo shawarar, kuma sai a 1986 aka daina, na'ura ta karɓi aikin. Duk Bahaushen da ya ji wannan zai ce ai zakaran gwajin dafi ke nan. Asali ɗaya kam, tsuntsu ne ake gwada guba a kansa. Amma yau in ka ce wane zakaran gwajin dafi ne, jama'a gwarzo za su ji, wanda ya yi fice. Ita kuwa ta Turancin alamar farko ce cewa bala'i na tafe. To ka ga in ka musanya su ka juya labarin. Wataƙila akwai jimlar da za ta karɓa, ban ce babu ba, ya danganta da abin da ke gaba da baya, amma ni ban cika yarda ba, gara in ce "alamar gargaɗi ta farko".

Haka "cuckoo in the nest" da hankaka mai da ɗan wani naka. "Cuckoo" tsuntsuwa ce mai zuba ƙwanta a sheƙar wani tsuntsu. Duka maganar ƙwan wani ne a sheƙar wani, amma tamu tana kallon mai riƙon, tasu tana kallon baƙon da ya shigo ya ture 'yan gida. Don haka abin da zan ce, ka fara faɗin ma'anar da Hausa tsagwaronta a ranka, in karin magana ta zo da kanta ka karɓa, in sai ka yi ta lalubenta to bar ta. Kuma in don rediyo ne ka fi sauƙaƙawa, mai saurare ba ya komawa baya.

"As the crow flies"?

Nisa a miƙe, ba ta titi ba.

"Pecking order"?

Wa ya fi wa matsayi. Ku leƙa akurkin gidanku, akwai kazar da ke saran kowa ba mai saranta. Wani ɗan Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, shi ya rubuta wannan a 1921, daga kaji aka mayar kan ofis.

Na ji a fim ana kiran mace "bird", zan iya?

Kar ka kuskura. Maganar titi ce ta Ingila kuma mata da yawa raini suke ɗaukarta. Haka "flip the bird" a Amurka, ɗaga yatsan tsakiya ne, daƙuwa ce. Wannan ɗabi'ar ta kwaso magana a fim ku zuba wa mutane ba ku san nauyinta ba, ita ce take sa ni ɓacin rai. "Chicken" ma in aka kira ka da ita matsoraci ake nufi, kar ka yi murmushi.

Dole sai na haddace su duka kafin jarrabawa?

A'a, kwantar da hankalinka. A jarrabawa cikin jimla ake kawo su da zaɓi a ƙasa, ka karanta jimlar sau biyu, kuma zaɓin da ya ambaci tsuntsu na gaske yawanci tarko ne. A insha'i kuma ɗaya ko biyu sun isa, waɗanda ka tabbata da su. Na sha makin takardar da yaro ya cusa shida a sakin layi ɗaya, ya rubuta "a bird in the hand is worth two in the forest", alhali "bush" ne. Ba a canza musu kalma ko ɗaya, in ba ka tuna daidai ba rubuta maganarka a miƙe ba wanda zai cire maka maki.

Malam "swan" da Hausa fa?

Ba mu da ita a nan. Kamar dinya take, fara, mai dogon wuya. "Swan song" aikin ƙarshe ne da mutum ya yi kafin ya yi ritaya ko ya rasu.