Waiwaye: Yadda Jihar Texas Ta Samu Gundumomi 254

Duk wanda ya kalli taswirar jihar Texas ta Amurka zai lura da abu biyu. A gabas, iyakokin gundumomi a karkace suke, suna bin koguna da rafuka. Can arewa maso yamma kuwa, kamar an ɗauki rula an zana dara, gida-gida. Gundumomi 254 ke nan, kuma babu jihar da ta kai ta yawa. Georgia da ke biye mata tana da 159 ne.

Asalin abin tun zamanin mulkin Mekziko ne. Lokacin da Texas ta ɓalle a 1836, yankunan mulki 23 ta gada, su ne suka zama gundumomin farko. Daga nan aka yi ta yanka su yayin da baƙi ke kwararowa. Ma'aunin wancan zamani shi ne doki: ana so manomi ya yi sammako, ya isa ginin kotu ya biya haraji ko ya yi rajistar gonarsa, ya dawo gida kafin dare ya yi.

A gabas lissafin ya yi daidai, domin ƙasa ce ta dazuzzuka da gonakin auduga, wasu wuraren suna samun ruwan sama fiye da inci 50 a shekara. Kuskuren ya zo ne a 1876, da majalisar jihar ta yanka filayen arewa maso yamma gunduma 54 a kan takarda, jim kaɗan bayan an fatattaki ƙabilar Comanche daga yankin, tun kafin mazauna su iso. An zaci za su cika da manoma. Ruwa bai ba da dama ba, don a birnin El Paso da ke can yammacin jihar ko inci 10 ba a samu a shekara.

Gundumar Loving ce ta fi nuna wannan. An ƙirƙire ta a 1887, aka kafa mata hukuma a 1893, aka rushe a 1897, sai da man fetur ya bayyana sannan aka sake kafa ta a 1931. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 64 kacal a cikinta. Hedikwatarta, Mentone, ginin kotu ne da 'yan gidaje, sai tankokin mai da ke wucewa suna tada ƙura. Amma tana da alƙalin gunduma da kwamishinoni huɗu masu tafiyar da mulkinta, daidai da gundumar Harris, inda birnin Houston yake, mai mutane sama da miliyan 4.7.

Abin da ya fi damuna a tarihin nan shi ne yadda layin taswira ya riƙa danne ƙuri'ar mutanen birni. A gundumar Midland, mazaɓa ɗaya da ta ƙunshi birnin Midland tana da mutum 67,906, sauran ukun kuwa 852 da 828 da 414, kuma kowacce kwamishina ɗaya take turawa. Wato 'yan tsirarun masu garken shanu ne ke yanke yadda za a kashe harajin gari guda. Magajin garin, Hank Avery, ya kai ƙara, kuma a 1968 Kotun Ƙolin Amurka ta ce dole mazaɓun ƙananan hukumomi su yi kusan daidai a yawan jama'a.

Hukuncin ya gyara mazaɓu a cikin gida, amma bai taɓa iyakokin gundumomin ba. Gundumar Kenedy, wadda aka yanka a 1921, ita ce ta ƙarshe da aka ƙirƙira.