Waiwaye: Yadda manomi ɗaya ya zama mutum uku a rumbun bayanai

Tun da ƙungiyoyin manoma da asusun adashi suka fara ajiye manyan littattafai suna komawa kwamfuta, ƙorafi ɗaya ke ta dawowa a Yamai: sunan mutum guda ya fito sau biyu ko sau uku, kowane da tasa lamba. A fadojin masu rubuta manhaja ana ta ja-in-ja a kai. Wasu sun ce sakacin masu shigar da bayanai ne, wasu sun ce yaran yanzu ba su iya zanen rumbun bayanai ba. Alhali matsalar ta girmi yawancin masu gardamar.

A ɗauki ƙungiya a jihar Tawa. Ga mamba yana noman hatsi da damina, da rani yana albasa a wajen Galmi, yana da awaki a gida, ranar kasuwa kuma dillali ne. Kowane mamba na da suna, da gari, da lambar waya. Faɗin gona na manomi ne kaɗai, yawan bisashe na makiyayi. Wato akwai babban rukuni, mamba, da ƙananan rukunai a ƙarƙashinsa. In aka zuba kowa a tebur ɗaya, wato jadawalin layuka da gurabe, rabin gurabe sai su zauna wayam. In aka ware wa kowane rukuni teburinsa, mutuminmu ya shiga sau uku, ran da ya canza lambar waya a gyara wuri ɗaya a manta biyu.

Farkon labarin sananne ne. A 1970 Edgar Codd ya kawo tsarin ajiye bayanai a tebura masu alaƙa da juna, a 1976 Peter Chen ya kawo zanen abubuwa da dangantakarsu, a ƙarshen shekarun 1970 kuma aka samar da Merise a Faransa, wata hanyar zanen rumbun bayanai, wadda da ita da yawanmu masu rubuta manhaja muka fara koyon zane.

Shekarar da ba a cika ambata ba ita ce 1977. A lokacin John Smith da Diane Smith na jami'ar Utah a Amurka suka fitar da wani bincike a kan yadda za a tsara babban rukuni da ƙananansa cikin tebura. Misalinsu ababen hawa ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba su raba ababen hawan ta fuska ɗaya ba. Sun raba su ta inda suke tafiya, ƙasa ko ruwa ko sama, sannan suka sake raba su ta abin da ke tura su, kamar inji ko iska. Kowane rabo yana da gurbinsa a babban tebur, wanda ke nuna ƙaramin teburin da za a duba. A cikin rabo guda abu ba ya zama wuri biyu, amma rabe-raben ba sa hana juna: kwale-kwale mai inji na ruwa ne, kuma mai inji ne, ba sai an tilasta masa zaɓi ba.

Wanda ya fahimci wannan, kafin ya taɓa kwamfuta sai ya tambaya: ta wace fuska nake raba mutanen nan? Mutum zai iya shiga rukuni biyu? Dole ne kowa ya shiga wani? Da an yi wa mamban Tawa waɗannan tambayoyi, da an gane cewa noma da kiwo sana'o'i ne da yake haɗawa, kamar mai riguna da yawa a adaka ɗaya. Layinsa ɗaya ne a teburin mambobi, ƙananan tebura su ɗauki lambarsa.

Sai dai abin da ya bazu a duniya wani salon gado ne daban, wato yadda ƙaramin rukuni ke gadon siffofin babba, wanda ya fito daga harsunan rubuta manhaja. A harshen Simula 67 na Norway da harsuna da yawa da suka bi sawunsa, kowane abu aji ɗaya, wato rukuni ɗaya, yake da shi, ajin kuma uwa ɗaya. Lokacin da aka daidaita SQL, harshen da ake sarrafa rumbun bayanai da shi, a 1986 babu kalmar gado a cikinsa, kuma har yau da wuya a sa rumbu da kansa ya tabbatar cewa kowane layin babban tebur yana da ɗa a ƙasa. Aikin sai ya koma hannun manhaja. Kayan rubuta manhaja irin su Rails, da ya fito a 2004, sun sauƙaƙa hanyar tebur ɗaya mai gurbi guda na nuna rukuni. Hanya ce mai kyau in rukunan ba sa haɗuwa. Amma gurbi guda amsa guda yake karɓa, shi ya sa mai shigar da bayanai, da manomi-makiyayi tsaye gabansa da layi a baya, yake buɗe masa sabuwar rajista. Ban ga laifinsa ba.

An yi ƙoƙarin cike giɓin. Merise ta biyu ta ƙara gado a zanenta a shekarun 1990, SQL na 1999 ya shigo da tebura masu gadon juna. PostgreSQL, wani nau'in rumbun bayanai, shi ma yana da gadon tebura, sai dai sharaɗin hana maimaita lamba da aka ɗora wa uwar tebur ba ya bin ƴaƴanta, don haka lamba ɗaya na iya fitowa sau biyu a zuriya guda rumbun bai ce uffan ba.