Na'urar awon ƙarfe da kyamara: daidaitonta da iyakar dogaro da ita

Na'urar awo da kyamara ita ce wadda ake gwada girman kayan ƙarfen da aka sassaƙa a inji da ita, ba tare da wani abu ya taɓa ƙarfen ba. Ana ɗora kayan a kan faifan gilashi, a haska shi, kyamara ta ɗauki hotonsa ta cikin gilashin hange mai ƙara girma, sannan manhajar kwamfuta ta lalubo inda haske ya ƙare duhu ya fara, ta ɗauki wurin a matsayin bakin ƙarfen. Daga waɗannan bakuna take lissafa tsawo da faɗin rami da kusurwa da tazarar ramuka. Da maikuron ake faɗin awonta, wato kashi 1 cikin 1,000 na milimita. Kaurin silin gashin mutum yakan kama daga maikuron 50 zuwa 100.

Abin da na'urar take aunawa shi ne hoton ƙarfen, ba ƙarfen kansa ba. Amfaninta da yawancin kurakuranta duk daga nan suke fitowa.

Asali

Kakarta ita ce na'urar haska inuwa, wadda James Hartness da Russell Porter suka fitar a jihar Vermont ta Amurka wajen 1920, domin duba haƙoran noti da kusa. Takan jefa inuwar ƙarfe a kan allon gilashi a ƙara mata girma, mai aiki ya gwada ta da zanen da aka shimfiɗa a kai, da idonsa. A 1969 Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro guntun lantarki mai ɗaukar hoto da ake kira CCD a ɗakunan binciken Bell, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2009. Da shi kyamara ta karɓi aikin ido, kwamfuta kuma ta karɓi aikin yanke hukunci. Cikin kamfanonin da suka yi suna a ƙera irin waɗannan na'urori akwai Mitutoyo da Nikon da Keyence na Japan, Zeiss da Werth na Jamus, da OGP na Amurka.

Iri biyu aka fi gani. Akwai mai faifan da ke tafiya hagu da dama, gaba da baya, tana ɗaukar hotuna ƙanana a wurare daban-daban tana haɗa su da karatun ma'aunin gilashin da ke jikin faifan. Akwai kuma wadda ke ɗauke kayan gaba ɗaya a hoto guda, a danna maɓalli ta fitar da awo masu yawa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ta biyun ta fi sauri da sauƙin koyo, amma ƙananan kaya kaɗai take ɗauka.

Ɗigon hoto da gilashin hange

Hoton kyamara ɗigogi ne jere. Idan kyamara mai ɗigo 2,448 a faɗinta tana kallon fili mai milimita 50, kowane ɗigo ya rufe kusan maikuron 20. A rage filin zuwa milimita 5, ɗigo ya koma maikuron 2, sai dai kuma abin da ake gani ya ragu sau 10. Manhaja tana iya hasashen bakin ƙarfe a tsakanin ɗigogi ta hanyar duba yadda launi ke sauka daga fari zuwa baƙi, har zuwa kashi 1 cikin 10 na ɗigo ko ƙasa da haka idan hoton ya fita tas. Wannan ne ke sa allo ya nuna lamba irin 24.9873. Yawan lambobin da ke bayan 24 ɗin nan ba shaidar daidaito ba ne, ko da yake su ne suka fi burge mai saye.

Gilashin kyamara na yau da kullum yana nuna abin da ke kusa da girma fiye da na nesa. A awo wannan babbar illa ce. Idan ƙarfe yana nesa da gilashin da milimita 200, ya matso da milimita 1 kacal, girmansa a hoto zai ƙaru da kusan kashi 0.5 cikin 100, wato maikuron 100 a kan abu mai faɗin milimita 20. Saboda haka ake sa gilashin da ake kira telesentirik, wanda ba ya karɓar haske sai mai tahowa a miƙe daidai da tsakiyarsa, ta yadda girman abu ba ya sauyawa don ya ɗan matso ko ya ɗan ja baya. Gilashin nan dole bakinsa ya fi abin da ake kallo faɗi, shi ya sa yake da tsada da nauyi. Kyamarar waya ko ta tsaro da aka ɗaura a kan sanda za ta iya ƙirga ramuka, amma ba za ta yi wannan aikin ba.

Haske

A nan ne aka fi samun saɓani tsakanin masu aiki biyu a kan na'ura ɗaya. Fitilu uku ake da su: ta ƙasa mai fitar da inuwar kayan, ta sama mai saukowa ta cikin gilashin hange, da ta zobe mai haskowa daga gefe. Ta ƙasa ta fi ba da baki mai kaifi, kuma da ita ake samun awo mafi aminci a kan kaya masu faɗi marasa kauri, irin su wosha da gasket da farantin da aka huda. Amma ko ita, idan aka ƙara mata ƙarfi fiye da kima, hasken yakan ci gefen inuwar, rami ya fito ya fi girmansa, sanda ta fito ta fi siranta. A rage shi da yawa, abin ya juya.

Ƙarfe mai zagaye mai sheƙi, kamar fil ɗin fistin, ya fi wahala. Hasken da ya fito a warwatse daga ƙasa yakan doki gefensa ya shiga kyamara, sai gefen ya yi fari, manhaja ta ɗauka ba ƙarfe ba ne. Maganinsa fitilar ƙasa mai fitar da haske a miƙe. Haka bakin da aka daddatse ko aka zagaye: yana nuna layi biyu ko uku, kuma manhaja ba ta san wanda mai zane yake nufi ba sai an gaya mata. Ɗan tsinin ƙarfe da wuƙar inji ta bari a bakin rami, ko ɗigon mai, ko zaren tsumman da aka goge kayan da shi, duk baƙi suke fitowa a inuwa, kuma ana lissafa su cikin ƙarfe idan ba a saita matatar manhaja ta watsar da su ba.

Akwai abin da ba ta gani sam. Ramin da ya huda ƙarfe, wurin da ya fi ƙunci kaɗai take nunawa. Idan ramin ya buɗe a tsakiya ko ya karkace, inuwa ba za ta faɗa ba. Zurfi kuwa ana samunsa ta hanyar ɗaga kyamara da sauke ta har hoto ya fi fitowa, kuma awon da aka samu ta haka bai kai na tsawo da faɗi daidaito ba. Shi ya sa manyan na'urori ke haɗa kyamara da allurar taɓawa mai ƙwallo a baki, ko da hasken leza.

Zafi da ƙura

Tun 1931 aka amince a duniya cewa duk awon tsawo na masana'antu a kan digiri 20 na ma'aunin Selsiyos ake faɗinsa, kuma wannan shi ne ƙa'ida mai lamba 1 ta ISO, hukumar tsara ƙa'idojin inganci ta duniya. Lambar daidaiton da kamfani ya rubuta a takardar na'ura ta ɗakin da ke kusa da wannan sanyi ce. A Garwa da Marwa na arewacin Kamaru da Injamena ta Chadi zafin rana yakan kai digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kuma shagon da aka rufa da kwano ya fi waje zafi.

Baƙin ƙarfe yana miƙewa da kusan maikuron 11.5 a kowace mita idan zafi ya hau da digiri 1, alminiyum kuma da kusan 23. Sandar ƙarfe mai milimita 200 a digiri 38 ta ƙaru da maikuron 41, ta alminiyum da 83. Ma'aunin gilashin da ke cikin na'urar shi ma yana miƙewa, amma da kusan maikuron 8 a mita, saboda haka abin da ya rage a matsayin kuskure shi ne bambancin: wajen maikuron 13 a ƙarfe, 54 a alminiyum. Don a gane nauyin wannan, ramin milimita 50 mai ajin H7, irin wanda ake yi wa mazaunin boris, sassaucin da aka ba shi gaba ɗaya, wato iyakar bambancin girma da aka yarda da shi, maikuron 25 ne.

Wani abin lura shi ne maikuromitar hannu ta ƙarfe, wato ma'aunin da ake matse kaya a bakinsa a karanta kaurinsa, idan ana auna ƙarfe da ita kuma zafinsu ɗaya, tare suke miƙewa, kuskuren ya kusan shafe kansa. A shago mai zafi tsohon kayan aikin yana iya fin na'urar mai tsada gaskiya a kan kaurin sanda. Sababbin na'urori suna da ma'aunin zafi da ke gyara lissafi, amma gyaran yana aiki ne idan zafin ya tsaya wuri ɗaya. Kayan da aka sauko da shi daga inji yanzu da ɗuminsa, ko ɗakin da na'urar sanyaya shi ta mutu da ɗaukewar wuta ta dawo bayan awa biyu, ba lissafin da zai kama su. Ana barin kaya ya kwana ko ya yi sa'o'i a ɗakin awo kafin a gwada shi, a kuma kunna na'urar ta ɗan jima kafin a fara.

Ƙurar hunturu ita ce ta biyu. Ƙwayar da ta sauka a kan faifan gilashi kusa da bakin kaya, kyamara tana ganinta kamar ɓangaren ƙarfe. Wadda ta shiga hanyar da faifan ke gudu tana cinye ta a hankali, ta kuma kankare gilashin idan aka goge shi a bushe. Girgizar janareta ko ta injin sassaƙa da ke ɗaki ɗaya tana sa hoto rawa, musamman idan an ƙara girma sosai. Na'urar da ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, ta hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ta bi mota ta Garwa da Marwa har Kuseri ko ta haye gada zuwa Injamena, ba a dogara da takardar gwajin da ta zo da ita daga masana'anta. Sai an sake gwada ta a inda aka kafa ta.

Yadda ake tabbatar da ita

Abubuwa biyu ne ake yawan haɗawa alhali daban suke. Maimaituwa ita ce na'ura ta ba da lamba ɗaya duk lokacin da aka auna abu ɗaya. Daidaito shi ne lambar ta yi kusa da gaskiya. Na'urar kyamara ta ƙware a ta farko, domin ba hannun da ke matsawa da ƙarfi yau, gobe a sassauta. Amma idan an saita haske ba daidai ba, za ta maimaita kuskure ɗaya sau dubu ba ta kauce ba.

Ƙa'idar ISO 10360, kashi na 7, wanda ya fito a 2011, ita ta tsara yadda ake gwada na'urorin awo masu kyamara. Ana amfani da rular gilashi mai layuka da aka zana da kurom, wadda aka riga aka tabbatar da tsawonta, a auna ta a wurare da fuskoki daban-daban na faifan. Kamfani yakan rubuta iyakar kuskure da siga irin wannan: maikuron 2.5 a tara da tsawon da aka raba da 200. A kan milimita 100 ke nan maikuron 3. Wannan alkawari a kan gilashi mai tsabta mai baki siriri aka yi shi, ba a kan giyar da aka ciro daga injin gurzar auduga ba. Ita kanta rular sai ta kasance da takardar ɗakin gwaji mai shaidar ISO/IEC 17025, domin awon ya danganta da mitar duniya, wadda tun 1983 ake bayyana ta da tafiyar haske. A Kamaru hukumar ANOR, wadda aka kafa a 2009, ita ke kula da ƙa'idojin inganci.

Gwajin da ya fi nuna halin na'ura a kan aikin gaske ya fito daga masana'antar motoci: kaya 10, masu aiki 3, kowa ya auna kowane kaya sau 3, a cire shi a sake ɗorawa kowane karo. Idan warwatsuwar awon ba ta kai kashi 10 cikin 100 na sassaucin da aka bayar ba, an karɓa. Daga 10 zuwa 30 sai a duba muhimmancin kayan. Sama da 30 an ƙi. Wanda ya auna sau 30 ba tare da ya ɗaga kayan daga faifai ba, kyamarar kaɗai ya gwada.

Shakkar da ke cikin awo tana cin sassauci. A tsarin ISO 14253, mai ƙera kaya ne ke ɗaukar nauyinta idan yana son tabbatar da kayansa ya yi. A sauƙaƙe, sassaucin maikuron 25 da shakkar maikuron 4 a kowane gefe ya bar masa 17.

Inda ta dace a yankin

Arewacin Kamaru da Chadi suna da injunan da ke cin kayan gyara kullum: masana'antun gurzar auduga na Sodecoton da Cotontchad, siminti a Figil, madatsar lantarki ta Lagdo, matatar mai ta Jarmaya da aka buɗe a 2011, ga manyan motocin dakon kaya da famfunan ban ruwa. Aikin masu sassaƙar ƙarfe a waɗannan garuruwa yawanci kwaikwayo ne: a kawo bushin ko shaf da ya lalace, a ce a yi irinsa. A nan kyamara tana taimakawa wajen ɗauko siffar haƙoran giya, tazarar ramukan faranti, ko zanen gasket mai laushi da ma'aunin hannu zai lotsa. Sai dai abin da za ta ɗauko siffar ƙarfen da ya riga ya ci ne, kuma mayar da ita zuwa girman asali aikin mai sana'a ne da teburin ƙa'idoji. Ga mazaunin boris da kaurin shaf, maikuromita da ma'aunin cikin rami sun fi arha, ba sa bukatar wuta, kuma su ne suke taɓa wurin da boris ɗin zai zauna.