Kuɗin bincike kan mutum da muhalli: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Wane irin bincike ake nufi?

Wanda zai nuna yadda mutane ke sauya muhalli, muhallin kuma ya juyo ya sauya rayuwarsu. In ɓangare ɗaya ka nuna, ba ka shiga ba.

Ni masanin ruwa ne, zan iya nema ni kaɗai?

A'a.

To in liƙa sunan wani malamin zamantakewa a ƙarshen jerin?

Wannan dabarar ta tsufa, malam. Masu tantancewa kasafi suke dubawa: in gwajin ruwa ya kwashe miliyoyi, shi kuma aka bar masa kuɗin buga takardun tambayoyi, sun gane ado ne. Dubi dausayin Haɗeja da Nguru. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar damina, ruwa ya koma gudana har da rani, kachala ta toshe hanyoyinsa, tsuntsun jan baki ya samu maɓoya yana cinye shinkafa, manoma suka haƙa sabbin magudanai, ruwan ya sake karkata. Wane fanni ɗaya ne zai iya da wannan?

Su wa ke bayarwa?

NSF, hukumar Amurka mai ba da kuɗin binciken kimiyya, ta fara shirin CNH na binciken cuɗanyar mutum da muhalli a 2001, daga baya sunansa ya koma DISES, amma jami'o'in Amurka ta riƙa ba. Akwai Belmont Forum tun 2009. A gida, asusun bincike na TETFund yana da rukunin haɗakar fannoni.

Ina jami'a a Najeriya, Belmont za ta biya ni?

Ya danganta, kuma nan ne mutane ke faɗuwa. Belmont ba asusu ɗaya ba ce, gamayyar masu ba da kuɗi ce, kowa yakan biya masu binciken ƙasarsa. Galibi ana son tawaga daga ƙasashe uku aƙalla, da masana kimiyya, da na zamantakewa, da mutanen da abin ya shafa. In babu mai biya daga ƙasarka a kiran da aka fitar, wato sanarwar gayyatar masu neman kuɗin, za ka iya shiga da kuɗinka, ko ka nemi hukumar da dokarta ta yarda ta biya abokin aiki na waje. Wasu sukan yarda, wasu ba sa yi, kuma sharaɗin yakan canza daga kira zuwa kira. Kowace hukuma tana da takardar sharuɗɗanta a haɗe da kiran. Karanta ta kafin ka rubuta layi ɗaya. Kada ka karaya, ana samu, sai dai ka sa a rubuta kasonka a kasafi tun farko, kada ka dogara da alkawarin baki.

Saura mako biyu a rufe, in fara?

Kana da tawaga? In babu, jira na gaba.