Ketare gadar Ngeli: abin da dokar CEMAC ta ba ka da abin da ba ta ba ka ba

Tsakanin Kuseri ta Kamaru da Njamena, babban birnin Chadi, ba komai sai kogin Logon da gadar Ngeli, kuma mai sayayya kan haye da safe ya dawo kafin la'asar. Izinin wannan zirga-zirga yana cikin dokar CEMAC, ƙungiyar ƙasashe 6 masu kashe sefa iri ɗaya: Kamaru, Chadi, Afirka ta Tsakiya, Kongo, Gabon da Ikwatoriyal Gini. A 2013 shugabanninsu suka soke biza a tsakaninsu, sai dai Gabon da Ikwatoriyal Gini suka yi ta jan ƙafa, ba a kammala ba sai a Oktoba 2017.

Dokar ta ce ɗan ɗaya daga cikin ƙasashen nan yana iya shiga ɗaya ƙasar ba biza, muddin yana riƙe da fasfo ko katin shaidar ƙasa na zamani, ya zauna har kwana 90. Nan ta tsaya. Mai niyyar tarewa ko kama aiki sai ya nemi takardar zama bisa dokar ƙasar da ya sauka. Kayan fatauci kuma ba su kuɓuta daga duwan ba.

Najeriya ba ta cikin CEMAC, tana ECOWAS. Saboda haka wannan doka ba ta shafi ɗan Gamborun Najeriya da ya ƙetaro Fotokol ta Kamaru ba, ko da gidan kawunsa ya zo.

A nan ne maganar masu nazarin ƙaura take da amfani. Da, ana ɗaukar iyaka a matsayin layi a taswira, irin wanda Ingila da Faransa suka shata a 1919 bayan sun kori Jamus, wanda Kotun Duniya ta koma kan takardunsa a 2002, a shari'ar Kamaru da Najeriya, ta bai wa Kamaru Darak da ke yankin tafkin Chadi. Yanzu masana da yawa suna ganin iyaka aiki ce da ake yi kullum: tambaya, duba kati, buga hatimi, sakin wani da tsare wani. Étienne Balibar, masanin falsafa ɗan Faransa, ya nuna cewa iyaka ta bar bakin ƙasa ta shigo cikin gari, kuma ba fuska ɗaya take nuna wa kowa ba. Duk wanda ya bi hanyar Marwa zuwa Garwa ya ga wannan ba tare da ya buɗe littafi ba. Jandarma ya tsai da mota, mai kati ya koma kujerarsa, marar kati ya sauka, alhali a Kamaru aka yanke masa cibiya.

A ganina a nan dokar ta fi rauni. Ta rataya komai a wuyan katin shaida, kati kuma ba ya samuwa sai da takardar haihuwa, wadda yara da yawa a ƙauyukan jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru ba su da ita. Idan wa'adin rajista ya wuce, sai an je kotu an samo hukuncin da zai tsaya a madadinta, da shaidu da kuɗin mota. Wanda ke shirin tafiya Chadi ko Gabon, daga wannan takarda zai fara.