Nemiga, sunan rashin barci a harshen Lituwaniya

Nemiga ita ce kalmar da mutanen Lituwaniya, wata ƙasa a arewacin Turai, ke kiran rashin barci da ita, wato mutum ya kwanta barci ya ƙi zuwa, ko ya farka da tsakar dare ya kasa komawa. Harshen Lituwaniya yana da masu magana kusan miliyan 3, kuma shi da na Latbiya ne kaɗai suka rage a raye a dangin harsunan Baltik.

Kalmar suna ce ta jinsin mace, gaɓa biyu aka haɗa. Ne- tana kore abu, mig- kuma saiwa ce ta barci. Daga wannan saiwa aka samu miegas, barci, da miegoti, yin barci, da užmigti, barci ya ɗauke mutum, da migdyti, sa wani barci kamar yadda uwa ke lallaɓa jariri. Ƙwayoyin barci ma migdomieji ake ce musu a kantin magani. Wanda abin ya dama yakan ce "mane kamuoja nemiga", ma'ana rashin barci na azabtar da ni. Maƙwabtansu na Latbiya bezmiegs suke cewa: saiwar ɗaya ce, abin korewar ne ya bambanta.

Asalin saiwar shi ne wurin da ya fi cancantar a tsaya. Harsunan Indiya da Turai da yawa sun gaji tsohuwar kalma guda ta barci, wadda ta zama somnus a Latin, svapna a Sanskrit, tsohon harshen Indiya. Daga ta Latin ɗin ne likitocin Turai suka samo sunan wannan cuta, wato insomnia. Lituwaniya ma ta gaji kalmar, tana nan a sapnas, sai dai a can mafarki take nufi. Gurbin barci kuwa sai miegas ta cike shi, kuma masana na danganta ta da migat ta Rashanci, wato ƙifta ido. Ke nan tun fil azal lumshewar ido aka duba aka raɗa wa barci suna. Tsohon harshen Furusiya, shi ma ɗan dangin Baltik, wanda ya mutu wajen shekarar 1700, ya bar maiggun a rubuce da ma'anar barci, shaidar cewa sauyin ya daɗe a dangin.

Irin wannan riƙon tsofaffin kalmomi ne ya sa masu nazarin tarihin harsuna ke daraja Lituwaniyanci ƙwarai, duk da cewa sai a 1547 aka buga littafi na farko da shi, a birnin Königsberg.